Ranar da Na Ba Farfesa Girmansa

Ni ba na mantuwa. Mahaifiyata takan ce ko kaza ce ta cake ni ina ƙarama, sai na gane ta a cikin miya. Da wannan halin na girma, da shi na zama likitar gaɓoɓi, kuma da shi na riƙe wani mutum a zuciya shekara da shekaru, ina gaishe shi kullum da safe har da rusunawa.

Lokacin da na zo Abuja neman ƙwarewa, a gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina, can cikin Dutse Alhaji. Kitso ne sana'arta. Amare daga Kubwa har Gwarinpa sun san ƙofar gidan, kuma ba ta taɓa rataye allon talla ba. Da hannun nan nata ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta ciyar da ni ma. Sai wata damina ta fara tashi da safe yatsunta a sandare, ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Gaɓoɓin suka kumbura, dama da hagu iri ɗaya. Ta ce sanyi ne. Ni kuwa na san ba sanyi ba ne, irin ciwon nan ne da garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin gaɓoɓin mai ita.

Na san shi ne saboda na gamu da shi a tambayoyin gwada kai. Aikin likita ba a gama karatunsa. Kowace shekara sai ka tara maki na ƙarin ilimi kafin a sabunta maka lasisi, kuma mu na ɓangaren gaɓoɓi muna da jerin tambayoyin da mutum ke auna kansa da su. Za a ba ka labarin mara lafiya, a jera maka amsoshi, ka zaɓa, sannan ka buɗe bayani ka ga ko kana nan ko duniya ta wuce ta bar ka. Ni a lokacin kamar gyaɗa nake cin su, a mota, a layin abinci, ko'ina. Kuma bayanin ciwon Goggo bai da wani lauje cikin naɗi. Akwai maganin da ake sha sau ɗaya a mako, wanda in an fara shi da wuri yakan tare ɓarnar kafin ƙashi ya lalace. Maganin da ake kira sitiroyid kuwa na ɗan lokaci ne, a kwantar da kumburi a janye shi.

Na kai ta wurin shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Farfesa. Dogo ne, mai furfura a gemu, ɗan Arewa irinmu, kuma ya yi karatu a waje tun ana zuwa da kuɗin gwamnati. Ya duba hannunta da kyau, ba zan ci masa wannan ba. Sannan ya rubuta sitiroyid da maganin ciwo, ya miƙo takardar.

Na matsa kusa, na rage murya, na yi magana da Turanci don kada Goggo ta ji, don in rufa masa asiri. Na ce ko za a haɗa mata da maganin nan na mako-mako, tunda ciwon bai yi nisa ba.

Ya cire tabarau. Ya amsa mini da Hausa, da ƙarfi, ɗalibai na tsaye, nas na tsaye, ƙofa a buɗe.

"Yarinya, lokacin da na fara duba gaɓoɓi ko auren uwarki ba a ɗaura ba. Wannan da kike faɗa maganin ciwon daji ne, hanta yake ci. So kike ki kashe goggonki don mu san kin yi karatu?"

Goggo ta zaro ido. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yarinta ce." Ta juyo ta harare ni irin hararar da ake wa yaron da ya yi fitsari a shimfiɗar baƙo. Shi kuma ya ƙara da maganarsa ta kullum, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ɗalibai suka yi 'yar dariyar da ake yi wa oga. Har yau ina iya faɗin wanda ya fara.

Abin haushin shi ne sitiroyid yana da daɗin sha'ani da farko. Kafin mako ya zagayo Goggo ta koma kitso tana waƙa. Daga ranar Farfesa ya zama ɗan ƙasa kaɗan da waliyyi a gidanmu. Na sayo ɗaya maganin da kaina na kawo, na yi bayani, na yi lallashi, na yi kuka. Ta ce ita ba ta da ciwon daji, kuma ba za ta sha magani daga hannun wadda ta ga ana yi wa tsarki tana jaririya ba. Na haɗa ta da yayyen mahaifina a waya, suka ce in bi manya a hankali.

Shekaru suka yi ta tafiya, Farfesa yana ƙara mata ƙwaya, ita tana ƙara masa addu'a. Fuskarta ta cika ta yi fam, maƙwabta suna cewa hutu ya karɓe ta. Ciwon suga ya shigo. Ido ya yi yana. Yatsun kuma, da aka bar su da abin da ke cin su, suka karkace gaba ɗaya suka nufi ɗan ƙaramin yatsa. Ta daina kitso. Buta ma sai an zuba mata. Duk wannan, in ka tambaye ta, ƙaddara ce, kuma ba don Farfesa ba da tuni an yi sadakar arba'in ɗinta.

Ni kuma na gama, na zama babbar likita a sashen, ofishina yana kallon nasa. A nan na ga yadda yake tara nasa makin. In an yi taron ƙarin ilimi a otal, zai iso daf da hutun shayi, ya sa hannu a rajista, ya karɓi jaka da biro, ya ci abinci, direba ya mayar da shi. A taronmu na wata-wata kuma ya fi haka dabara. Tsarin shi ne a haska tambaya a bango, kowa ya danna amsarsa a waya ba tare da an san ta wane ce ba, sannan mai jan taron ya danna maɓalli, sanduna su fito, kowace amsa da sandarta, tsawonta gwargwadon yawan waɗanda suka zaɓe ta. Farfesa yana zaune a gaba a kujerar shugaba, ba ya taɓa dannawa. Wayarsa, in ji shi, ta kiran mutane ce. Zai jira sanduna su fito, ya dubi wadda ta fi tsawo, ya gyara zama ya ce, "Yawwa, abin da nake faɗa muku kullum ke nan," ya ɗora da labarin wani mara lafiya da ya gani a Ingila. Kowa ya sani. Ba mai cewa komai, don shi ke sa hannu a takardar ci gaban kowa. Mutumin da ya kayar da ɗalibai ba iyaka a jarrabawa bai taɓa yarda an ji amsarsa kafin ta kowa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da har ya yi ritaya ina gaishe shi ina tsine masa a ciki. Sai ciwon ya kama Auta.

Auta ita ce 'yar Goggo ta ƙarshe. Da kitso ya tsaya, lallenta ne ya riƙe gidan. Tana zana fure a hannun amarya kamar da injin aka buga. Wata Asabar na kai musu kifi daga kasuwar Kado, na tarar da ita tana ƙoƙarin ɗaure ledar lalle ta kasa, tana ja da haƙori. Na kama hannun na duba. Na ɗaga kai, sai ga ƙwayoyin a kan taga, irin na uwarta sak. Ashe Goggo ta kai ta wurin Farfesa a ɓoye, ta ce kada a gaya mini don kada in kawo fitina.

Na ce, "Auta, kin ga hannun Goggo. Can za ki."

Ta ce, "Yaya, na sani. Amma Mama ta ce in na sha naki ba ta yafe ba. Ya zan yi?"

Na sami Farfesa a ofis, mu biyu kaɗai. Na durƙusa, ni da digirorina. Na ce ranka ya daɗe, yarinyar nan da hannu take ci, kuma watannin farkon nan su ne komai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce shi ya rubuta da hannunsa, ba sai kowa ya san na yi magana ba. Ko kallona bai yi ba. Ya ce mara lafiyarsa ce, kuma in rufe masa ƙofa in zan fita.

Na rufe masa a hankali. A bakin ƙofar nan na ƙudurta abin da zan yi.

Jan taron wata-wata zagaye yake yi, kuma na watan da ya biyo baya nawa ne. Allah ya haɗa, shi ne wanda ake gayyatar likitocin wasu asibitoci saboda ana ba da maki, don haka zauren kan cika har a ƙaro kujeru. Na nemi izinin Auta, na sauya mata sana'a da gari, na rubuta labarinta a matsayin tambaya ta ƙarshe. Ban ƙara gishiri ba. Na jera amsoshin yadda ake jerawa, na ɗauko bayanin daga ƙa'idojin da kowa ke aiki da su. Ranar na sa leshin da na fi so.

Tambayoyin farko suka tafi yadda aka saba. A danna, sanduna su fito, Farfesa ya dubi doguwar ya ce yawwa. Na bar shi ya ci ya ƙoshi. Har wani baƙo ya yaba masa, ya ce ilimi a wurin manya yake.

Na haska ta ƙarshe. Mace matashiya, yatsu a kumbure dama da hagu, sandarewar safe, gwajin jini ya tabbatar, an ɗora ta a kan sitiroyid ta ji sauƙi. Me ya kamata a yi yanzu? Kawuna suka sunkuya, kowa ya danna. Farfesa ya harɗe hannu yana jiran bango.

Ban danna maɓallin ba. Na ɗauki makirufo na sauko daga dandamali, na je gabansa na rusuna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka sha yi mana faɗa cewa yaran yanzu ba mu da tarbiyya, muna sa hannu a kwano kafin manya. Faɗan ya shige ni. Na ga bai dace kullum a riƙa nuna amsar yara kafin a ji ta babba ba, ga kuma baƙi. Yau kai za ka fara, mu mu biyo baya."

Zauren ya ɗauki tafi. Baƙi ba su san komai ba, sun ɗauka ladabi suke gani. 'Yan gida kuwa suka tafa suna kallon ƙasa.

Ya yi murmushi da rabin baki. Ya ce a'a, a bari a ga tunanin yara tukuna, shi malami ne, gyara ne nasa. Sai babbar nas ɗin sashenmu, wata dattijuwa da Hausarta ta zaman Abuja ce, ta ɗaga murya daga gefe. "Haba oga, yarinya ya ba ka girma, ka karɓa mana. Mu ma muna so mu ji daga bakinka." Aka sake tafi. Na miƙa masa makirufo da hannu biyu.

Na ga idonsa yana bin amsoshin daga sama zuwa ƙasa, ya sake komawa sama. Da ya ce bai tabbata ba, da ya tsira, kuma wallahi da na rasa abin yi. Amma bakin nan bai taɓa furta haka ba. Ya miƙe tsaye, ya gyara babbar riga, ya zaɓi a ci gaba da sitiroyid a ƙara yawansa, a ajiye maganin mako-mako sai in komai ya gagara. Ya kawo maganar hanta. Ya kawo Ingila. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar ɗaliba ta gari, ban katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya gama na ce na baya ba su ji sosai ba, ko zai maimaita wace ya zaɓa. Ya maimaita.

Sannan na danna.

Sanda ɗaya ta miƙe ta kusa taɓa saman bango, ta maganin mako-mako. Tasa kuwa ɗan guntu ne, sai ka matso za ka gan shi. Yaran da ya koyar da kansa, waɗanda ke cewa "haka ne, oga" a zagayen ɗakin marasa lafiya, duk sun gudu sun bar shi tun da daɗewa, waya ce kawai ta sani. Can baya wani ya yi tari irin wanda ake rufe dariya da shi.

Na koma dandamali na karanta bayanin, duk da kowa na iya karantawa da kansa. A hankali na karanta, kamar mai koya wa yara. Da na zo inda aka lissafa abin da dogon shan sitiroyid ke jawowa, suga da yanar ido da raunin ƙashi, sai na ɗaga kai na dube shi, ina faɗa ɗaya bayan ɗaya. A nan ya gane tarko na ɗana masa. Na ga lokacin da ya gane, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina. Na rufe da gode masa bisa wannan darasi. Shinkafar da aka raba bayan taron ta huce, naman kuma tauri, amma na cinye tas har na karɓi ta wani. Shi bai tsaya cin abinci ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Ramuwarsa ba ta daɗe ba. Ranar asibiti ta gaba Goggo da Auta suka je, ya ƙi taɓa katinsu. Ya ce, "Ku je wurin 'yarku, ta fi ni sani." Goggo ta roƙe shi har da hawaye, ya kira na gaba.

Goggo ta daina yi mini magana. In na yi sallama sai ta juya wa bango fuska. Abin da na kawo a mayar mini da shi. Ta gaya wa dangi kaf cewa na tozarta mutumin da ya riƙe ranta, aka yi ta kirana daga gida ana mini nasiha. Ban ba kowa haƙuri ba. Na dai roƙi wata abokiyar aikina ta karɓi Goggo, don wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ba a yanke masa shi rana ɗaya. Auta kuwa, da ba sauran Farfesan da za a bi, ta zo ofishina da ƙafarta. Uwarta ba ta ce ta je ba, ba ta kuma hana ba.

Na duba hantarta da jininta, na ja mata kunne a kan maganar ciki in aure ya zo, don maganin ba ya jituwa da juna biyu, na fara mata. Maganin ba ya sauri. Makonnin farko tashin zuciya ya dame ta, ga sitiroyid ina janyewa, ciwo ya ɗan dawo. Goggo ta riƙa cewa da bango, yadda zan ji, "Ga shi nan ai, an kashe mini yarinya don a nuna an yi karatu." A lokacin na ji tsoro, tsoro na gaske. Kowane gwajin jini sai na buɗe shi da bismillah.

Sannu a hankali kumburin ya saɓe. Sandarewar safe ta ragu, ta koma ba komai. Kafin bukukuwan bayan salla Auta ta koma aiki.

Wata ranar Lahadi na je na tarar da amarya da ƙawayenta a tsakar gida, Auta na zana mata hannu, tana hira tana dariya, yatsun na gudu. Goggo na zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta kallon amarya, ba ta kallon furen, yatsun 'yarta kawai take bi da ido. Na gaishe ta yadda na saba, ba na sa ran amsa. Na juya zan wuce.

Ta ce, "Zo nan."

Na zauna a gefen tabarmar. Ta nuna Auta da haɓa.

"Wannan da take sha. Sabo ne?"

Na ce, "A'a, Goggo."

"Lokacin da nawa ya fara, akwai shi?"

"Akwai."

"Shi ne wanda kika kawo na ƙi?"

"Shi ne."

Ta sauke ido a kan hannuwanta da ke kan cinya. Ta yi ƙoƙarin miƙe su, suka tsaya inda suka saba tsayawa. Na zaci kuka za ta yi, na fara neman abin da zan faɗa. Ba ta yi ba.

"An ce a gaban mutane kika yi masa."

"Zaure cike, Goggo. Har da baƙi."

"Ya ji kunya?"

"Ko abinci bai ci ba."

Ta gyara zama da gwiwar hannu, ta jingina da bango, ta kira wata daga ƙawayen amarya ta ce a rage rediyon nan.

Ta ce, "Ba ni labarin tun daga shigowarsa. A hankali. Kada ki tsallake komai."